Darasi: Zaɓen Tsarin Kira da na Data Daidai Aljihu

"Malam, wane layi ne ya fi sauƙi?" Babu mai sayar da katin waya da bai sha jin wannan tambaya ba, daga Farm Centre ta Kano har rumfar mai caji a ƙauye. Mai gaskiya a cikinsu yakan mayar da tambayar ne: me kake yi da wayar taka, kuma a ina kake zaune? Tsarin da ya yi wa ɗalibi araha yana iya cinye ribar mai ƙosai, wanda kuma ya dace da direban babbar mota ɓarnar kuɗi ne ga tsohuwar da ake kira ta amsa kawai. A wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai auna abin da yake ci a waya, ya yi lissafin farashi da kansa, sannan ya toshe hanyoyin da kati ke sulalewa ba da saninsa ba.

Yadda farashi ya faro

Manyan cikinmu za su tuna watan Agustan 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 ne a minti ɗaya. Ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin cikakken minti za a cire maka. A 2003 Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi dole. Econet ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Hukumar da ke sa ido a kansu duka ita ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kuma ita ce a watan Janairun 2025 ta amince musu su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Daga nan ne saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6, kira da data su ma suka hau.

Abin da za mu ɗauka daga wannan tarihi shi ne farashin waya ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka alƙaluman da za mu yi lissafi da su a gaba na gwaji ne kawai, an zaɓe su don sauƙin koyo. Farashin gaskiya na ranar da kuke karatu yana cikin wayarku, za ku gan shi idan kun danna lambobin da za mu ambata.

A fara da sabis

Kafin maganar kuɗi, a duba ko layin yana kamawa a inda kake rayuwa. Data mai arha da ba ta buɗe saƙo sai ka hau tudu ko ka fita bakin titi, kuɗinka ne ya tafi. Ka tambayi maƙwabta wane layi suke riƙewa. Ka ari wayar wani ka gwada kira a cikin ɗaki, a gona, a rumfar kasuwa, kuma ka gwada da yamma bayan magariba, lokacin da kowa ya hau layi. Sandunan da ke saman allon waya ba sa faɗin komai da komai: wani lokaci za ka gan su cike amma data tana jan ƙafa saboda cunkoso. Ka lura da alamar da ke gefensu. Idan E ko 2G ta fito, kira da tes za su yi, amma bidiyo sai haƙuri. 4G kuwa ba za ta fito ba sai wayar da sim ɗin da hasumiyar yankin duk suna ɗauke da ita.

Yawancin wayoyin da ke kasuwarmu masu sim biyu ne. Mutane da yawa suna ajiye layi ɗaya don kira da saƙon banki, ɗayan don data. Dabara ce mai kyau, muddin ba a manta da ɗayan ya kwanta ba. Layin da ya yi watanni ba a kira ba a sa kati, kamfani yana da ikon rufe shi, daga baya ya ba wani lambar. Idan wannan lambar ce ke haɗe da asusunka na banki, ka ga an shiga rigima.

Mene ne cinka?

Da yawanmu idan aka tambaye mu nawa muke kashewa a waya a wata, sai mu ce "ba yawa, ɗari biyu-biyu ce." Ɗari biyu sau ashirin kuwa naira 4,000 ce. Don haka aikin farko shi ne a rubuta. Tun 2023 NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya, ba sai ka haddace na kowane layi daban ba. Ka danna *310# ka ga ragowar katinka, *323# ka ga ragowar data. Ka duba da safe, ka duba kafin barci, ka rubuta a bayan littafinka har mako guda. Mai babbar waya ya shiga saitin waya wajen da ake nuna amfani da data, zai ga manhajar da ta fi ci. Sau da yawa mutum zai rantse WhatsApp ne kawai yake yi, sai allo ya nuna masa TikTok ko Facebook a sama.

Lissafin kira da garabasa

Kowane layi yana kan wani tsarin kira, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Kun sha jin sunayensu a rediyo: Pulse da BetaTalk a MTN, SmartConnect a Airtel, Yakata da Berekete a Glo. Sunaye suna da yawa, amma idan aka tace su iri uku ne. Akwai mai farashi ɗaya ba garabasa. Akwai mai ninka maka kati da garabasa amma kiransa da tsada. Akwai kuma mai cire ɗan kuɗi a kiran farko na kowace rana, sannan ya sauke farashin sauran kiran.

Kamfanoni suna faɗin farashi da kwabo a daƙiƙa. Don ka mayar da shi naira a minti, ka ninka da 60 ka raba da 100. Kwabo 25 a daƙiƙa ya zama naira 15 a minti.

A ɗauka tsari na farko kwabo 25 ne a daƙiƙa, ba garabasa. Ka sa katin naira 1,000. Ka raba 1,000 da 15, ka sami minti 66 da 'yan daƙiƙoƙi. Tsari na biyu kuma ka sa naira 1,000, saƙo ya shigo yana taya ka murna: an ba ka garabasar naira 2,000, jimilla 3,000. Rai ya yi fari. Amma kiran wannan tsari kwabo 75 ne a daƙiƙa, wato naira 45 a minti. Ka raba 3,000 da 45. Minti 66 ne dai, ba ƙari ko ɗaya.

Har yanzu ba mu gama ba. Garabasa tana da wa'adi, galibi 'yan kwanaki, alhali asalin kati ba ya ƙonewa da wuri haka. Mu ɗauki mai ƙosai da ke kiran minti 20 a mako: mai kawo mata wake, mai niƙa, 'yarta da ke aure a wani gari. A tsari na biyu, idan wa'adin garabasar kwana 7 ne, za ta ci naira 900 daga ciki, sauran 1,100 su ƙone. Asalin katinta na 1,000 zai ba ta minti 22. Jimilla minti 42 ke nan, a inda tsari na farko zai ba ta 66. Ita da ake ce wa an ninka mata kati sau uku, ita ce ta yi asarar minti 24. Wannan ba ya nufin duk garabasa yaudara ce. Wanda ke kira da yawa har ya cinye ta kafin ta ƙone, kuma farashin minti bai yi tsanani ba, yana iya cin riba. Amma kada a shiga tsari sai an sami amsar tambayoyi uku: nawa ne minti idan ana ci daga garabasar, kwana nawa take yi, kuma tana kiran duk layuka ko nasu kaɗai?

Iri na uku kuma, a ce ana cire naira 10 a kiran farko na rana, sannan kwabo 20 a daƙiƙa, wato naira 12 a minti. Wanda ke kiran minti 2 a rana zai biya naira 34, alhali a tsari na farko naira 30 zai biya. Dillalin hatsi da ke kiran minti 20 a rana zai biya 250 maimakon 300, ragin naira 1,500 a wata. Ga mai yawan kira wannan tsari ya fi, ga mai kira jefi-jefi kuwa ƙarin kashewa ne.

Data

Ana auna data da megabait da gigabait, waɗanda ake rubutawa MB da GB. Kusan MB 1,000 ne ke yin GB 1. Saƙon rubutu na WhatsApp ba ya cin abin kirki, saƙon murya da hoto suna ci kaɗan, kiran murya ta WhatsApp ba ya kai MB 1 a minti. Bidiyo ne maciyin. Awa guda na kallo yana iya lashe rabin GB, ya ma wuce GB guda idan hoton mai kaifi ne.

Idan ka danna *312# za ka ga jerin data: ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata, ta dare, da wadda aka keɓe wa wasu manhajoji kawai. Don ka kwatanta su, ka raba kuɗin da yawan GB. A ɗauka ta kwana ɗaya MB 200 ce a naira 200. Kowane GB ya kama naira 1,000 ke nan, kuma mai sayenta kullum zai kashe naira 6,000 a wata ya sami GB 6. Ta wata kuma a ce GB 10 ce a naira 5,000, wato naira 500 kowane GB. Mai sayen ta kullum yana biyan ninki biyu. Abin takaicin shi ne mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi faɗawa nan, saboda samunsa na yau da gobe ne, fitar da 5,000 a dunƙule yana masa wuya. Wanda ke cikin wannan hali ya gwada ta mako, wadda farashinta ke tsakiya, ko ya riƙa ajiye 200 ɗin a asusu har ta kai kuɗin ta wata sau ɗaya. Daga nan zagayen ya juya masa.

Sai dai babbar data kamar kwandon tumatir take: sari ya fi araha, amma abin da ba a ci ba ruɓewa yake yi. Wanda ya sayi GB 10 a 5,000 ya ci GB 3 kawai kafin wata ya cika, kowane GB ya tsaya masa a kusan naira 1,670. Da ya sayi ƙarama daidai cinsa, da ya fi. Kamfanoni sukan ɗora ragowar tsohuwar data a kan sabuwa idan an sabunta cikin lokaci, amma sharuɗɗan sun bambanta, sai a karanta saƙon da suka turo ko a ba wani ya karanta.

Datar dare tana da arha sosai, tana aiki daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Ɗalibin da zai sauke darussa ko karatun malamai ya saurara da rana, ta yi masa. Wadda aka keɓe wa WhatsApp kuwa ta dace da mai sana'ar da ke tura hoton atamfa ko turare ga masu saye, amma da zarar ta taɓa wani mahaɗi da ke fita waje, ba wannan datar ce za ta biya ba.

Inda kati ke sulalewa

"Na sa kati jiya, ban kira kowa ba, yau babu ko sisi." Wannan kuka yana da dalilai sanannu, kuma galibinsu ana iya maganinsu cikin minti biyar.

Na farko, data ta ƙare amma an bar ta a kunne, sai waya ta koma cin kati kai tsaye, a farashin da ya ninka na datar da aka saya sau da yawa. Idan data ta ƙare a kashe ta. Na biyu, sabuntawa da kanta: ka sayi data sau ɗaya, ashe ka danna zaɓin da ke cewa a riƙa sabunta maka, sai ka sa kati a zare. Lokacin saye ka zaɓi na sau ɗaya, sai in da niyya ka so ɗayan. Na uku, hidimomin da ake liƙa wa layi, irin su waƙar da mai kiranka ke ji, sakamakon ƙwallo, gasar cin kyauta, ko saƙon nasiha na kullum. Naira 20 yau, 50 gobe, mutum bai ma tuna ranar da ya danna 1 ba, wataƙila ma yaro ne ya danna yana wasa da wayar. Ka danna *305# ka ga abin da ke kan layinka ka soke. Don tsayar da saƙonnin talla, ka tura kalmar STOP zuwa 2442. Ka kuma shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, musamman idan kana cikin zaurukan dangi da na unguwa inda ake turo bidiyon biki ba dare ba rana.

Bashin kati ya cancanci mu tsaya a kansa. Da *303# ake ci, kuma galibi ana cire kashi 15 cikin ɗari tun a take. Ka ci bashin naira 500, a ba ka 425, ka biya 500 cif. Idan larura ce, mai haihuwa ce ake nema wa mota da daddare, ba wanda zai ga laifi. Amma wanda ya mayar da shi al'ada, sau huɗu a wata, yana zubar da naira 300 duk wata, 3,600 a shekara, ba tare da ya yi kiran daƙiƙa ɗaya da su ba. A tuna kuma, tun tsakiyar 2025 kuɗin amfani da gajerun lambobin banki, naira 6.98 a kowane shiga, daga kati ake cire shi. Mai duba asusu sau biyar a rana ya san inda katinsa ke zuwa.

Kowa da abin da ya dace da shi

Dattijon da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila, wanda 'ya'ya ne ke kiransa, tsari mai farashi ɗaya ya ishe shi. A sa masa ɗan kati, a duba *305# lokaci-lokaci, a tabbata layin bai kwanta ba. Mai adaidaita sahu ko ɗan acaɓa da fasinjoji ke kira, yana kuma kiran gajeru da yawa, ya duba iri na uku. Gidan da ke da manyan wayoyi uku ko huɗu, sayen babbar data guda a raba ta da *321#, ko a jona sauran ta wayfai, yakan fi kowa ya sayi tasa, in dai an yi yarjejeniya da samarin gidan.

Masu harkar kan iyaka lamarinsu daban ne. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko daga Maigatari zuwa Damagaram, idan ya ci gaba da kira da layin Najeriya a cikin Nijar, farashin ƙetare ake cajinsa, wani lokaci har amsa kira ma da kuɗi. Mai yawan zuwa ya yanki layin can, na Airtel Nijar ko Moov ko Zamani, ya sa a ɗaya ramin sim ɗin. Mazauna garuruwan bakin iyaka su ma su lura, don waya kan kama hasumiyar ƙetare mutum yana zaune a tsakar gidansa. A saitin waya ana iya kashe datar ƙetare, a kuma zaɓi kamfani da hannu. Wanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya, Ghana ko Sudan, kira ta intanet ya fi kiran kai tsaye sauƙi nesa ba kusa ba, idan duka ɓangarorin suna da data.

Sauya tsari, sauya kamfani

Sauya tsarin kira a cikin kamfani ɗaya ba wuya. Ka kira 300, lambar masu kula da abokan hulɗa ce a duk layuka, ka zaɓi Hausa idan an ba da zaɓin harshe, ka tambayi tsarin da kake kai da farashinsa. Idan kamfanin ne gaba ɗaya bai yi maka ba, tun watan Afrilun 2013 kana da damar komawa wani da lambarka, ba sai ka bi mutane kana raba sabuwa ba. Za ka je ofishin sabon kamfanin da kanka, da shaidarka da lambar NIN, a cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232. Ka cinye katinka da datarka kafin ka tafi, don ba sa bin ka, kuma akwai wa'adin jira kafin a sake wata ƙaurar. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai arharsa: ranar da ya ɓata ba ka da hujjar karɓo shi. Idan an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ka fara kai ƙara 300 ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su warware ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Aikin aji

1. Wani tsari kwabo 30 ne a daƙiƙa. Naira nawa ne a minti? Minti nawa katin naira 900 zai bayar?

2. An ba ka zaɓi: GB 2 na mako a naira 1,400, ko GB 7 na wata a naira 3,500. Nawa GB ɗaya ya kama a kowanne? Idan GB 1 kake ci a mako, nawa za ka kashe a mako huɗu a kowane zaɓi, kuma GB nawa zai rage?

3. Wata mata ta ci bashin katin naira 200, an cire kashi 15 cikin ɗari. Nawa ya shigo wayarta?

4. Ku zauna bibbiyu. Kowa ya danna *305# a wayarsa, ku karanta abin da ya fito tare, ku faɗa wa aji abin da kuka tarar.

Aikin gida: ka rubuta ragowar katinka da datarka safe da dare har kwana 7, tare da duk kuɗin da ka sa a tsakani. Ka zo da takardar ranar darasi na gaba, da ita za mu yi lissafin watanka.